Ina koyarwa, ina riƙe da gida, amma bincikena ya tsaya cik: aure ne ya jawo?

Tambaya: Ni malamar jami'a ce, ina da aure da yara uku, ƙaramarsu ba ta cika shekara biyu ba. Tun da na kammala digiri na uku ban fitar da maƙalar kirki ba, kuma abokan aikina maza da muka fara tare duk sun wuce ni a ƙarin girma. Kullum a gajiye nake, ga saurin fushi, ga mantuwa. Har na fara tunanin ko aure da aikin jami'a taura biyu ne da ba sa taunuwa. Auren ne matsalar, ko ni ce ban iya tsara lokaci ba? Ko in haƙura da aikin?

Amsa: Malama, sannu da ƙoƙari. Kafin mu ɗora wa aure laifi, ko mu ɗora miki, ki dubi abin da ya tsaya a rayuwarki da abin da bai tsaya ba. Kina shiga aji, kina duba takardun jarrabawa, kina miƙa sakamako. Yaranki suna zuwa makaranta, suna ganin likita idan ba su da lafiya. Abu ɗaya ne ya tsaya, wato bincike da rubutu. Wadda ba ta iya tsara lokaci ba, komai nata ne yake dagulewa, ba abu ɗaya tak ba. Saboda haka tambayar da ta dace ita ce: me ya sa wannan ɓangaren ne kullum yake fara faɗuwa?

Aikin malamin jami'a kashi uku ne: koyarwa, hidimar sashe, da bincike. Biyu na farko suna da mai jira a bakin ƙofa. Idan ba ki je lacca ba, ɗalibai suna zaune suna jiranki. Idan ba ki miƙa maki ba, jami'in jarrabawa zai kira ki a waya. Idan kika ƙi zuwa taron sashe, za a lura. A gida ma haka abin yake, don yaro mai zazzaɓi ba ya jiran gobe. Maƙala kuwa ba ta kuka. Kika ajiye ta yau, ba wanda zai sani. Kika ajiye ta wata shida, har yanzu ba wanda zai sani. Sai ranar da kwamitin ƙarin girma ya zauna, a buɗe fayil ɗinki, a fara ƙirga abin da kika wallafa, domin a yawancin jami'o'in duniya shi ne ya fi nauyi a ma'auni. Aikin da ya fi kowanne sauƙin ɗagewa, da shi ake auna ki. Duk mutumin kirki da ke da ɗawainiyar mutane a kansa zai fara biya wa mai jira a ƙofa buƙatarsa, kuma abin da kike yi ke nan tun da kika kammala digirin.

Akwai kuma bambanci tsakanin lokaci da lokaci. Za ki iya duba takardun jarrabawa ashirin a cikin minti arba'in ɗin da yarinya take barci, ki tashi, ki dawo, ki ci gaba daga inda kika tsaya. Tunanin da ake gina hujjar maƙala da shi ba ya yarda da haka. Sai kin ɗauki lokaci kafin ki tuno inda zaren ya tsinke, kuma da zarar an katse ki, sai kin sake farawa. Wata mai bincike, Sophie Leroy, ta nuna a 2009 cewa idan mutum ya bar aikin da bai gama ba ya koma wani, wani sashe na hankalinsa yana maƙale a na farkon, kuma hakan yana rage ingancin na biyun. To ki ƙirga sau nawa kike sauya aiki tsakanin fitowar rana da faɗuwarta. Mai yiwuwa idan aka haɗa gutsattsarin lokacinki za a sami awa uku a yini, amma awa uku a warwatse ba ta haifar da abin da awa biyu a dunƙule take haifarwa.

Yanzu batun aure. Abin da bincike ya fi nunawa shi ne ba igiyar auren ce take rage aiki ba, zuwan ƙananan yara ne, da yadda ake raba ɗawainiyarsu. Mary Ann Mason da Marc Goulden na Jami'ar Kalifoniya a Berkeley sun bi diddigin masu digiri na uku a Amurka, suka bayyana a 2002 cewa matan da suka haihu cikin shekara biyar da kammala digirin ba su kai mazan da suka sami haihuwa a daidai wannan lokacin samun kujerar dindindin a jami'a ba. Su mazan, haihuwar ba ta ja su baya ba ko kaɗan. A 2021 Allison Morgan da abokan aikinta suka tambayi malaman jami'a sama da 3,000 a Amurka da Kanada, suka gano cewa wallafe-wallafen iyaye mata suna raguwa a shekarun da suka biyo bayan haihuwa, na iyaye maza kuwa galibi ba sa motsi, kuma wannan raguwar ce take bayyana mafi yawan tazarar da ke tsakanin maza da mata a yawan maƙalu. Lambobin za su bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, amma tushen abin ɗaya ne: shekarun da jami'a take so ki kafa sunanki, su ne shekarun da jiki yake haihuwa da shayarwa.

Wani binciken ya fi waɗannan ba ni ƙwarin gwiwar ce miki kada ki yi saurin yanke hukunci. A 2020 Junming Huang da abokan aikinsa suka duba tarihin wallafa na masu bincike kimanin miliyan 1.5 daga ƙasashe 83. Suka ga cewa idan aka auna shekara da shekara, abin da mace take wallafawa bai yi nisa da na namiji ba. Babban abin da ya buɗe tazarar shi ne mata sun fi barin fagen da wuri. A Amurka, Erin Cech da Mary Blair-Loy sun nuna a 2019 cewa kashi 43 cikin 100 na mata masu aikin kimiyya da fasaha suna barin cikakken aiki a fannin bayan haihuwar fari, a maza kuwa kashi 23 ne. Wato abin tsoro ba shekarun nan na tafiyar hawainiya ba ne. Abin tsoro shi ne a cikinsu mace take gamsar da kanta cewa ba ta iya ba, ta ajiye, alhali nauyin yana dab da fara sauƙi.

A gida, akwai abin da ake gani da abin da ba a gani. Wanda ake gani an auna shi sau da yawa. Rahoton Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya na 2018 ya ce mata ne suke yin sama da kashi uku cikin huɗu na aikin kula da gida da iyali da ba a biya, awa 4 da minti 25 a yini, maza kuwa awa 1 da minti 23. Ilimi mai zurfi bai cika sauya wannan ba. Londa Schiebinger da Shannon Gilmartin sun tambayi masana kimiyya a manyan jami'o'in Amurka, suka wallafa a 2010 cewa matan cikinsu suna yin kashi 54 cikin 100 na girki da shara da wanki a gidajensu, mazan cikinsu kuwa kashi 28. Farfesa ce a ofis, amma idan ta koma gida aikinta ya kusa ninka na abokin aikinta da ake auna su da sikeli ɗaya.

Wanda ba a gani ya fi cin rai. Shi ne riƙe gidan a ka: tuna ranar rigakafin yarinya, lura cewa takalmin babban ya matse shi, sanin cewa maganin wane ya kusa ƙarewa, tunanin wa zai ɗauko yara ranar da taro ya ja lokaci. Allison Daminger, a binciken da ta wallafa a 2019, ta raba wannan aikin ƙwaƙwalwa gida huɗu: hango buƙata, nemo mafita, yanke shawara, da bibiyar ko an yi. Ta ga cewa yanke shawara ma'aurata sukan yi shi tare, amma hangowa da bibiya sun fi faɗawa kan mace. Waɗannan biyun kuwa ba su da lokacin tashi. Suna bin ki har cikin ɗakin karatu, kuma suna zaune ne a daidai wurin da tunanin maƙala yake buƙata. Mantuwar da kika ambata, ina zargin daga nan wani ɓangarenta yake.

Ga kuma wani tarko na musamman ga malamar jami'a, wanda ba na jin ana faɗinsa yadda ya kamata. Ma'aikaciyar banki ko ta asibiti, kowa ya san ba a samunta daga safe zuwa yamma, don haka ba a ma fara dogara da ita. Ke kuwa an san laccarki awa biyu ce ranar Talata, an san Laraba ba ki da aji. Sai ranar da ba ki da aji ta zama ranar da ba ki da aiki a idon kowa: miji, dangi, makarantar yara, har da ke kanki. Duk abin da ya taso, a ce ai Malama tana gida. Sassaucin lokacin da ake yi wa aikin jami'a kirari da shi, ga namiji lokacin bincike ne, ga matar aure kuwa ya zama lokacin kowa. Ranar da ba ki da aji ita ce ranar ainihin aikin da za a auna ki da shi, kuma sai kin fara yarda da haka kafin wani ya yarda.

Amma kada mu tsaya a gida, domin sau da yawa ba a nan kaɗai gizo yake saƙa ba. A wasiƙarki kin ambaci yara, ba ki ambaci kwamiti ko ɗaya ba, kuma zan yi mamaki idan ba ki cikin uku ko huɗu. Joya Misra da abokan aikinta sun auna lokacin malamai a Jami'ar Massachusetts da ke Amherst, suka wallafa a 2011. A matakin da ke dab da farfesa, maza da mata suna yin awoyin aiki kusan daidai, amma mazan suna ba bincike ƙarin awa bakwai da rabi a kowane mako. Na matan yana tafiya ne a koyarwa, jagorancin ɗalibai da hidimar sashe. Awa bakwai da rabi kusan yinin aiki guda ne a kowane mako. Ki lissafa shi a shekara biyar, za ki ga inda tazarar da ke tsakaninki da abokan nan naki ta fito, ba tare da an kawo maganar basira ba.

Yadda abin yake faruwa ma an gwada shi. Linda Babcock da Lise Vesterlund da abokan aikinsu sun nuna a 2017 cewa idan akwai aikin da kowa yake so a yi amma ba ya kawo ƙarin girma, an fi roƙon mace ta yi, kuma ta fi amsawa: mata sun amsa sau 76 cikin 100, maza sau 51. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne da aka ware maza su kaɗai a rukuni, sai suka riƙa miƙa kansu kamar yadda mata suke yi. Ashe ba halitta ba ce, kowa dai ya san wa za ta gaji da shirun ta ce "to, bari in yi". Ki tuna taron sashenku na ƙarshe: da aka ce wa zai rubuta bayanan taro, ina idanu suka juya? Ki ƙara da ɗaliban da ke da matsalar gida ko ta kuɗi ko ta rashin lafiya, waɗanda ƙofar malama mace suke fara ƙwanƙwasawa. Aiki ne mai lada, kuma jami'a ba za ta rayu ba tare da shi ba. Sai dai a fom ɗin ƙarin girma layi ɗaya ake ba shi, in ma an ba shi.

Ba ina cewa ki zama mai ƙin komai ba, wannan ma yana da farashinsa, kuma an fi saurin kiran mace mai girman kai idan ta ƙi. Abin da ya fi aiki shi ne ciniki. Idan shugaban sashe ya kawo sabon aiki, kada ki amsa a tsaye a baranda. Ki ce za ki duba jadawalinki ki dawo masa gobe. Goben ki je da jerin abin da ke hannunki a rubuce, ki ce, "Ranka ya daɗe, ga abin da nake riƙe da shi. Idan zan karɓi wannan, wanne zan sauke?" Ki kuma nemi a riƙa yin irin waɗannan ayyuka bi da bi. Kawaici hali ne mai kyau, amma a wannan wurin da maƙalarki kike biyan kuɗinsa.

Sai gajiya da fushin da kika ambata. Ba kowane matsi ne yake rage ƙwazo ba. Masu nazarin halayyar ma'aikata suna bambanta matsin da ke tura mutum gaba, kamar wa'adin miƙa maƙala ko sabon kwas mai wuya, da matsin da ke tare masa hanya, kamar buƙatu masu karo da juna, takardun ofis marasa kan gado da rashin sanin abin da ake so daga gare shi. Nazarin da Jeffery LePine da abokan aikinsa suka yi a 2005, inda suka haɗa sakamakon bincike masu yawa, ya nuna na farkon yana tafiya da ƙaruwar ƙwazo, na biyun da raguwarsa. Tun 1979 Robert Karasek ya nuna cewa aikin da ya fi cutarwa shi ne mai yawan buƙata ga mutumin da ba shi da iko a kan yadda zai yi shi. Naki irin wannan ne: ba yawan aikin kaɗai ba, kusan kowace awa ta yininki wani ne yake da ikon karɓe ta.

Jiki yana iya ɗaukar matsi mai yawa matuƙar yana samun lokacin sauka. A Suwidin, Marianne Frankenhaeuser da abokan aikinta sun auna manajoji maza da mata a ƙarshen shekarun 1980. Da aka tashi daga aiki, sinadarin noradiranalin, wanda ke tashi idan jiki yana cikin shirin fama, ya sauka a jikin mazan, amma na matan bai sauka ba bayan sun koma gida. Ga ɗaya gida wurin hutu ne, ga ɗayar wurin fara aiki na biyu.

Shi ya sa nake adawa da shawarar da aka fi ba mata irinki, wai ki riƙa rubutu da dare bayan kowa ya kwanta. Na kwana biyu kafin wa'adi, ba laifi. A matsayin tsarin rayuwa, asara ce. A gwajin da Hans Van Dongen da abokan aikinsa suka wallafa a 2003, mutanen da aka taƙaita wa barci zuwa awa shida har mako biyu, natsuwarsu da saurin tunaninsu sun lalace kamar na wanda ya yi dare ɗaya zuwa biyu bai runtsa ba. Abin ban tsoron shi ne su da kansu suna cewa ɗan barci kaɗan suke ji. Sakin layin da kika kwana a kansa, da kin yi barci da kin gama shi cikin rabin awa. Ƙara awoyi ma yana da iyaka: ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago na 2021 ya nuna aikin awa 55 ko fiye a mako yana ƙara haɗarin shanyewar ɓarin jiki da kashi 35 cikin 100, da na mutuwa ta ciwon zuciya da kashi 17, idan aka kwatanta da mai yin awa 35 zuwa 40. Wannan kuwa aikin albashi kaɗai aka ƙirga.

A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana ƙarewar kuzari da matsin aiki ke jawowa da alamomi uku: gajiyar da ba ta tafiya, jin aikin ya fita daga rai ko an fara ƙyamarsa, da jin ba a iya komai kuma. Idan kin ga kanki a cikinsu, ki ɗauke shi da gaske. Kuma ki je a duba ki, don ƙarancin jini da matsalar ƙullin maƙogwaro da ake kira tayirod suna kawo irin wannan gajiyar da mantuwar, kuma ba baƙi ba ne ga macen da ta haihu ba da daɗewa ba. Idan baƙin ciki ko rashin jin daɗin komai ya kai mako biyu kusan kullum, ko kina jin rayuwar ma ba ta da amfani, wannan maganar likita ce tun yau, ba ta tsara jadawali ba.

To me za a yi? Ki fara da samo takardar ƙa'idojin ƙarin girma ta jami'arki, ki karanta da kanki. Da yawa suna tafiya ne a kan ji-ta-ji-ta. Ki san maƙala nawa ake so, a wace irin mujalla, maki nawa ake ba marubuci na farko da na uku, da abin da ba a ƙirgawa sam. Sannan ki yi mako biyu kina rubuta inda kowace awa ta tafi, ba don ki tsargu ba, don ki sami hujjar da za ki nuna wa shugaban sashe da maigida. Magana da takarda a hannu ta fi "na gaji" tasiri, don kowa yana cewa ya gaji.

Rubutun kansa iri biyu ne, kuma kowanne da lokacinsa. Robert Boice, wanda ya daɗe yana nazarin sababbin malaman jami'a, ya ga cewa masu rubutu kaɗan-kaɗan a kai a kai sun fi masu jiran dogon hutu fitar da aiki. Rabin awa a kullum ba za ta gina hujja ba, amma tana hana maƙalar yin sanyi a kanki, kuma ta isa gyara jadawalin bayanai, tsara madogara ko sake rubuta sakin layi. Tunani mai zurfi kuma ki ware masa zama biyu a mako, na awa biyu zuwa uku, da rana, a wurin da ba gida ba kuma ba ofishinki ba, don su ne wurare biyun da aka san za a same ki. Ki sa shi a jadawali kamar lacca. Idan aka nemi ki a lokacin, amsar ita ce kina da aiki, kuma gaskiya kika faɗa. Maƙala ɗaya a lokaci guda. Kundin digirinki na uku yana nan, kuma da wuya a rasa maƙala biyu a cikinsa da ba sa buƙatar sabon tattara bayanai. Ki fara da su kafin su tsufa.

Haɗa hannu da wasu yana rage nauyi sosai, amma ku yi maganar jerin sunayen marubuta tun kafin a fara, a rubuce. Kuma ki yi hattara da mujallun da ke aiko saƙo suna alƙawarin wallafawa cikin 'yan kwanaki idan an biya. Wadda aka bari a baya ita suka fi kamawa, kuma kwamitoci da yawa yanzu ba sa ƙirga su, wasu ma suna ɗaukarsu tabo a fayil.

Maganar maigida ita ce mafi wuya, kuma ban san shi ba, ke kika san shi. Abin da zan ce shi ne kada ki nemi taimako a dunƙule, don mai taimako jira yake a gaya masa, kuma gaya masan da bibiyar shi ne aikin da ya fi cinye ki. Ki nemi ya ɗauki wani abu ɗungurungum, daga tunawa har zuwa gamawa: duk abin da ya shafi makarantar yara, misali, har da saƙonnin malamai da aikin gida. Idan ya ɗauka, ki sakar masa, ko da ba yadda kike yi yake yi ba. Wannan ɓangaren naki ne, kuma mata da yawa a nan suke kasawa. Ki zaɓi lokacin da ba a cikin faɗa ba, ki kawo ƙa'idojin ƙarin girman nan, ki nuna masa abin da shekara biyu na zama biyu a mako za su kawo wa gidan duka. Mazaje da yawa, har da waɗanda su ma malamai ne, sun ɗauka aikin matarsu yana ƙarewa da fitowarta daga aji. Idan kuma da hali, biyan wani ya yi wanki ko shara ko renon 'yan awoyi ba gazawa ba ce.

Ki kuma daina auna daidaito da yini. Babu ranar da za ki zama cikakkiyar malama, cikakkiyar uwa, cikakkiyar mai bincike gaba ɗaya. Shekarar jami'a tana da tudu da gangare: makonnin jarrabawa na makin takardu ne, kada ki sa ran rubutu a cikinsu, kada kuma ki zargi kanki. Tsakiyar zango da hutun ƙarshen shekara su ne naki, sai a shirya da mutanen gida tun kafin su zo.

Akwai abin da ba ke za ki gyara ke kaɗai ba. Yarjejeniyar Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya mai lamba 183, ta shekarar 2000, ta sa hutun haihuwa aƙalla mako 14, da damar fita shayarwa a lokacin aiki. Amma hutun ba ya amfani idan za a tara miki kwasa-kwasan ki biya bayan kin dawo, ko a auna shekarar haihuwa kamar kowace shekara. Ko manufa mai kyau tana iya juyewa: Heather Antecol da abokan aikinta sun nuna a 2018 cewa a cikin manyan sassan nazarin tattalin arziki 50 na Amurka, a wuraren da aka ba iyaye maza da mata ƙarin shekara daidai wa daida kafin a auna su, damar mazan ta ƙaru, ta matan ta ragu, don mazan sun fi samun damar mayar da shekarar ta rubutu. Irin waɗannan abubuwa, da sa taro a lokacin ɗauko yara, da rashin wurin reno a harabar jami'a, mata a haɗe suke kai su gaban hukuma, ta ƙungiyar malamai ko ta manyan mata da ke majalisar jami'a. Ki nemi ɗaya daga cikin manyan nan, wadda ta yi reno tana rubutu, ki kai mata fayil ɗinki ta duba.

Batun ajiye aiki kuwa, haƙƙinki ne, kuma akwai matan da suka bari ba su yi nadama ba. Sharaɗina ɗaya: kada ki yanke shi a cikin wannan gajiyar, da yarinya 'yar ƙasa da shekara biyu a hannu. Komawa jami'a bayan an fita ya fi zama a cikinta ana tafiya a hankali wuya nesa ba kusa ba. Ki ga likita, ki sauke kwamiti ɗaya, ki kafa zaman nan biyu, ki tura maƙala ɗaya daga kundinki kafin ƙarshen shekarar karatu. Idan bayan zango biyu kina samun barci, kina samun lokacin, amma kika ga binciken kansa ne ba kya so, to wannan wata tambaya ce dabam, kuma akwai manyan makarantu da kujerun da koyarwa ce ginshiƙinsu, inda za a auna ki da abin da kika riga kika ƙware a kai.